Ƙafar Habila da Tayar Gaba

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gefen hanyar arewa. Sunan ƙauyen ya ɓace mini yanzu, ko da yake jiya-jiyan nan ina riƙe da shi. Amma ba kome, kowa a cikinku ya san irinsa: rumbuna a bayan gida, majami'a mai rufin kwano, da wata babbar kuka a inda hanyar ƙauyen take rabuwa da kwalta. Manomin nan yana da 'ya'ya biyu, Lai'atu ce babba, sai ƙanenta Habila. Uwarsu ta rasu tun suna ƙanana, kakarsu ta wajen uba ita ta rene su.

Gidansu gidan manyan ƙafafu ne. Uban dogon sawu gare shi, ɗan kuwa ya fi shi. Kakar takan dubi Habila ta ce, "Maigidana, da waɗannan za ka je neman aure? Ai tun kana bakin gari za su shige gidan surukai su bar ka a waje." Wata rana kuma, yana yaro, ya ɗauki fartanyar ubansa wai zai yi noma irin na manya, ya sari babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Uban ya goya shi a bayan baƙin kekensa har asibitin mishan. Yatsan ya warke, amma farcen ya tsage biyu, a tsage kuwa ya zauna.

Tsohuwar nan ba ta shiga majami'a ba sai da ta manyanta ƙwarai, tana kuwa ɗauke da maganganun mutanen dā. Ɗaya daga cikinsu ta shiga kunnen jikanta ta zauna. Takan ce masa, "In ka fito za ka wani wuri ka yi tuntuɓe da dama, ci gaba, alheri na gabanka. In da hagu ne, koma ka zauna. Ranar ba taka ba ce." Habila ya girma, aka yi masa baftisma, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya haddace ayoyi. Duk da haka maganar kaka tana nan kwance a ƙarƙashi, kamar saiwar itacen da aka sare aka yi shuka a kanta.

Da ya zama saurayi, sai ya so ya tafi birni ya koyi aikin kafinta. Uban ya ce ya dakata har a kai amfani gida. Ran gayya ne maganar ta tashi, gona cike da mutane, makaɗa suna kiɗa. Uban ya ce masa a hankali, "Gona ba ta san gaggawa ba, ɗana." Habila ya jefar da fartanya a tsakiyar kunya ya ce, "Ba zan tsufa a duƙe kamar kai ba. Ƙafata kuwa ba za ta ƙara taka gidan nan ba." Kiɗa ya tsaya. Uban ya tako a hankali. Ya sunkuya ya ɗauki fartanyar, ya share ƙasar da ke bakinta, ya jingina ta a jikin itace.

Habila ya tafi. Shekaru suka shuɗe, ya zama kafinta na kirki, ya buɗe shagonsa. Ya ji rasuwar kakarsa, bai je ba, gama kunya ta riga ta yi masa katanga. Ya yi wa mutane da yawa ƙofa, ya kafa musu da hannunsa, ya ga yadda suke shiga gidajensu ba fargaba. In ruwan fari ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, sai ya ajiye zarto ya tsaya a bakin shago har ƙamshin ya wuce. Ran Lahadi kuma, in aka ɗauki waƙa a majami'ar birni, sai kunnensa ya riƙa neman wata murya mai kauri wadda kullum takan makara da shiga baiti, ta kuma makara da fita. Ba ta nan. A can ƙauye take, a bakin ubansa.

Ana nan sai ya sami wani keke a gwanjo, irin na masu tsere. Mu a zamaninmu keke jakin ƙarfe ne, ya ɗauki buhu, ya ɗauki mai bishara da matarsa da akwatin littattafai. Na tuna wani da muka taɓa haye rafi da shi a ka, ni da wani abokina, amma wannan wata magana ce. Keken Habila dai ba irin wannan ba ne. Tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Har takalminsa daban ne, maƙalewa yake yi a jikin feda. Masu ƙera irinsa sukan jawo tayar gaba kusa da feda, domin ya yi saurin jin umarni. Wannan kuwa ya ɗan yi wa Habila kaɗan, ga shi da ƙafa kamar faifai. Amma bai san da wata matsala ba. Mai gudu a kan kwalta ba ya murɗa kan keke, karkata jikinsa kawai yake yi, keken ya bi. Muddin gaba aka miƙa, ƙafa da taya ba sa haɗuwa.

Ya shiga cikin wasu mahaya da suke fita ran Asabar da safe. Hanyarsu kuwa ita ce hanyar arewa. Haka ya riƙa wucewa ta gaban kukar garinsu, a tsakiyar ayari, kansa a sunkuye, da hular kwano da baƙin tabarau. Ba wanda ya sani a cikin abokansa cewa duk lokacin da suka wuce wurin nan, ƙirjinsa yakan yi nauyi har su kai gari na gaba.

Wata rana da bazara, yana aske katako, sai ya ji murya a bakin ƙofa.

"Kafinta, gaisuwa a shagon nan sayarwa ake yi, ko kyauta ce?"

Ya ɗaga kai. Lai'atu ce, ta yi jiki, ta fara kama da kakarsu. Ya ce, "Yaya. Wa ya nuna miki nan?"

Ta ce, "Sawunka na biyo. Wa zai ɓata wannan sawun?"

Ya ba ta kujera, ya kawo ruwa. Ta sha, ta ajiye kofin, ta dube shi. "Idon Baba yana rufewa. Mun kai shi asibiti, sun ce ba yana ba ce balle a cire, jijiyar ce take mutuwa. Yanzu in ka matso yana gane fuska. Bayan damina, ban sani ba."

Habila ya dubi garin katako a ƙasa. Can ya ce, "Shi ya aiko ki?"

"Ka san Baba. Cewa ya yi kawai in duba masa ko ka tsayar da gemu. Na ce masa ni ba zan ɗauko masa gemu a baki ba, mai gemu ya kawo abinsa." Ta miƙe tana gyara mayafi. "An ce kana cikin masu wandon roban nan da suke wucewa ta bakin kuka kamar an koro su."

"In ji wa?"

"In ji ƙafa."

Ya ce, "Zan zo, Yaya."

Da gaske kuwa yake. Sai dai bai so ya shiga mota ba. In a mota ne, a tasha zai sauka, gari duka ya fito kallon wanda ya jefar da fartanya. In kuwa a kan keke ne, sai ya ce hanya ce ta biyo da shi. Girman kai yakan so a bar masa 'yar ƙofar baya.

Asabar ta zo. Da suka kusa kuka ya ce wa abokansa su ci gaba, zai same su. Hanyar ƙauyen nan kuwa ta dama take, amma ba a miƙe ta fita daga kwalta ba. Lanƙwasowa ta yi ta koma baya kamar bakin lauje, ga kwalbati a gefe guda, ga saiwar kuka a ɗaya gefen, ga ɗan tudu. Dole mai shiga ya rage gudu har ya kusa tsayawa, ya murɗa kan keke sosai, yana kuma takawa. Habila ya kama birki, ya murɗa kai dama. In an murɗa kai dama, bayan tayar gaba hagu yake leƙowa. Daidai lokacin ƙafarsa ta hagu ta zo gaba. Sai ya ji ƙirrr, kan takalminsa ya gogi taya, keken ya yi tangaɗi, da ƙyar ya tare shi.

Ya dubi ƙasa. Ba dutse, ba kututture, ba rami. Wannan ya fi ba shi tsoro, tuntuɓe ba abin tuntuɓe. Da ƙafar hagu kuma. Ya ji muryar kaka kamar tana bayansa: ranar ba taka ba ce. Ya ji tasa muryar a tsakiyar gona tana cewa ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Ya miƙe kan keken ya bi ayari, bai waiwaya ba.

Bayan an yi shuka ya sake gwadawa. Ya yi addu'a tun daga gida. Ya ce a ransa, wancan karon gaggawa na yi. Saboda haka ya ƙara rage gudu, ya lallaɓa. Amma iyakar rage gudunsa, iyakar murɗa kan da zai yi. Ƙirrr. Hagun dai. Ya sake zuwa wata Asabar, abin bai sāke ba. Abokansa suka fara yi masa dariya. Ɗaya ya ce, "Kafinta, me ka binne a gindin kukar nan? In budurwa ce, ka faɗa mu raka ka." Da ya buɗe baki ya faɗa musu abin da yake faruwa, da cikin dariya za su warware masa, gama sananne ne a wurin masu irin keken nan. Amma ta yaya zai faɗa, bai kuwa faɗi dukan labarin ba? A ransa ya yanke cewa Allah ya kama shi da maganar bakinsa, ya rufe masa hanya.

Daga nan ya daina bin hanyar arewa. Damina ta kankama. In hadari ya haɗu ya nufi wajen garinsu, sai ya bi shi da ido, ya ce yau Baba yana noman fari. Bayan kwanaki ya ce yanzu an kai maimai. Yanzu gero ya fid da kai, ana korar tsuntsaye. Ya noma gonar nan kaf a cikin zuciyarsa, kunya bayan kunya, yana tsaye a bakin shago. Gemun kuwa bai aske ba. Yakan gyara shi a gaban ɗan madubin da ke rataye kusa da guduma, kamar wanda yake ajiye wa wani kaya.

Da kaka ta yi, wata mota ta tsaya a gaban shagonsa cike da damman sabon gero. Ƙamshin ya shigo ya same shi. Ya zauna a kan benci. Ya ce, "Ko hagu ko dama, sai na shiga."

Shi kaɗai ya tafi ran Asabar, da hantsi. Ya isa kuka, ya kama birki, ya murɗa kai. Wannan karon ya ƙudura zai bi ta kan abin da ƙarfi, sai ya danna feda iyakar ƙarfinsa. Takalmin ya cije taya, tayar ta tsaya cik. Ƙafarsa tana maƙale, bai sami zare ta ba. Ya kife a gefen kwalbati, keken a kansa, tayar baya tana ta juyawa a sama ita kaɗai.

Yana kwance sai ya ji takun sanda. Wani tsoho ya fito daga bayan kuka, ta gefen da inuwa take, inda mai zuwa daga kwalta ba ya gani. Yana lalube da sanda, fuskarsa a ɗage kamar mai sauraro. Habila ya dubi dogayen ƙafafun nan, ya dubi fuskar. Ya gane shi.

Tsohon ya ce, "Sannu, bawan Allah. Kai ne dai mai ƙirrr ɗin nan? Kwana biyu ban ji ka ba. Na ce ko ka sayar da abin."

Habila bai iya amsawa ba. Ya zare ƙafarsa daga feda, ya ja jiki ya zauna.

Tsohon ya laluba ya kama keken ya tsai da shi. Ya shafa sirdi, ya shafa kai, ya yi tsaki kaɗan na mamaki. Ya juya feda ta zo gaba, ya murɗa kan, ya sa hannu tsakanin feda da taya. Ya ce, "Ka ji. Ko yatsu huɗu ba su shiga ba. Nawa na dā, ɗan akuya sai ya kwanta a nan. Wannan na gudu ne, ba na juyawa ba. In za ka sha irin wannan kwana, ka daina takawa, ka ja ƙafar baya, ka bar shi ya gangara da kai. In wurin ya matse kuwa, sauka ka tura. Ba a taɓa kai mutum gaban alƙali don ya tura keke ba." Ya saurara. "Ba ka magana? Ko haƙori ka fasa?"

Habila ya girgiza kai, ya manta ba a ganinsa.

Tsohon ya jingina keken, ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. "Ni ma ina da yaro a cikinku, in ji yayarsa. Shi ya sa nake zama a nan ran Asabar. Kukan wuce fuu kamar kurciyoyi, ban san wanne ne nawa ba. Kawo ƙafar in ji ko ta karye."

Ya kwance takalmin, ya zare safa. Ya matsa idon sawu, ya bi tafin ƙafar da yatsunsa, ya ce, "Kai ma Allah bai rage maka ba." Sai ya kai ga babban yatsa. Hannunsa ya tsaya a kan farcen. Ya shafa tsagar, ya sāke shafawa.

Sa'an nan ya ce, "Wannan aikin fartanyata ne."

Habila ya ce, "Na'am, Baba."

"Cire kwanon nan."

Ya cire hula, ya cire tabarau. Uban ya kama fuskarsa da hannu biyu, ya juya ta wajen rana, ya matso da ita har numfashinsu ya haɗu. Ya buɗe idanunsa iyakar buɗewa.

Habila ya ce, "Me ka gani, Baba?"

"Ina ganin wurin da ka tare mini rana." Ya sauke numfashi. "Ran da ka fara ƙirrr ɗin nan, da ka tsaya, da na gan ka. A lokacin ina raba jar riga da fara. Na so in yi kira, na ji tsoron in kira sunan ɗana a kan ɗan wani, a ce tsoho ya ruɗe."

Habila ya kifa kansa a gwiwar ubansa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ran da fartanya ta sare masa yatsa. Uban ya bar shi. Hannunsa ya sauka a kan gemun, ya shafa shi daga kunne zuwa kunne. Ya ce, "Ashe ka tsayar. Lai'atu ta ƙi faɗa mini. Da furfura a ciki?"

"Kaɗan."

"To, ka ga abin da ka yi. Ka je ka tsufa a inda ban gani ba."

Habila ya faɗa masa kome, da ƙafar hagu, da maganar kaka, da yadda ya duba ƙasa bai ga dutse ba. Uban ya yi murmushi ya ce, "Inna ke nan, Allah ya ba ta hutawa. Ba ta gaya maka ƙarshen ba. Ran da za a yi mata baftisma, da hagu ta yi tuntuɓe a bakin zaure, har jini. Ta dubi ƙafar ta ce, yau kam ba ke za ki faɗa mini ba. Ta ɗingisa har rafi."

"Amma Baba, na rantse a gaban mutane. Na ce ƙafata ba za ta ƙara taka gidan ba."

Uban ya ce, "Na ji ka ce. Ban ce amin ba."

Suka tashi. Habila ya rataya takalman a kan keke ya kama turawa, ƙafa ba takalmi. Uban ya saɓa sandarsa, ya dafa sirdi a maimakonta. Haka suka sha kwanar nan a ƙasa, a hankali, ba abin da ya taɓa wani abu. Lai'atu tana sussuka a ƙofar gida ta hango su. Ta tsaya da taɓarya a hannu, ta share ido da bakin zane, ta juya ta ce wa mutanen gida, "Ku buɗe zauren da kyau. Ƙafafun sun iso, mai su yana tafe."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattuna. Keken nan rayuwar da muka ƙera wa kanmu ce. Mun jawo kome kusa da kome domin mu yi sauri, ba mu bar fili ba. Muddin gaba muka miƙa, a cikin ayari, kai a sunkuye, ba za mu taɓa sanin akwai matsala ba. Mutum yakan yi shekaru yana wucewa ta bakin hanyar gidan Ubansa, yana jin nauyi a ƙirji, yana kuwa ƙara gudu. Sai ran da ya rage gudu zai juyo, wato ran da ya yi niyyar tuba, ran nan ne yakan ji wani abu ya tare shi.

Abin da ya tare Habila ba dutse ba ne, ba iska ba ce a gindin kuka, ba kuwa hannun Allah ba ne. Ƙafarsa ce da tayarsa. Haka yake a gare mu. Wanda ya tashi zai nemi gafarar ɗan'uwansa, ko zai koma cikin taron masu bi bayan ya daɗe da barinsa, lalle zai ji ƙirrr. Kunya za ta taɓa shi, girman kai zai taɓa shi, da wata magana da ya taɓa faɗa a gaban mutane. Kada ya ce alama ce. Juyawa ce kawai take da wuya ga wanda ya saba da gudu. Mu kuwa da muka fito daga gidajen da ake duba tuntuɓe da kukan tsuntsu, sai mu lura. An yi mana baftisma, amma tsohuwar saiwa tana nan, takan kuwa yi toho daidai ran da muke neman dalilin fasawa. Allah ba ya aiko saƙo ta babban yatsa ya ce kada ɗa ya koma wurin ubansa.

Ku lura kuma, ƙarfi bai shigar da shi ba. Ran da ya danna da ƙarfinsa, ran nan ya fāɗi. Kwanar nan ba a shan ta ana takawa. Sai an daina, an ja ƙafa baya, an bar alherin Ubangiji ya gangara da mutum. In ta matse, a sauka. A shiga a ƙasa, ƙafa ba takalmi, gari yana kallo. Wannan shi ne abin da Habila ya gudu tun farko, shi ne kuwa ya kai shi gida.

Ku da kuke zaune a bayan kuka kuna jiran wani, ɗa ko 'ya ko miji, akwai taku a ciki. In kun ji ƙirrr, ku kira sunan. Gara a ce tsoho ya ruɗe.

Akwai wani abu da yake sosa mini rai duk lokacin da na tuna labarin nan. Ƙofa ba ta rufe ba, uban bai tashi daga gindin kuka ba, gafara kuwa tana nan tun ran da aka jingina fartanya. Amma damina guda ta wuce, ta tafi da abin da ba ya dawowa. Ya sami hannun ubansa, bai sami idonsa ba. Ni da nake rubuta muku wannan, akwai sunayen da bara nake kira ba wahala, bana sai in buɗe baki in tarar da wurinsu wayam. Haka kwanaki suke ɗiba, kaɗan-kaɗan, ba sallama. Ubanmu na Sama idonsa ba ya dushewa, ya kuwa san kowace tsaga da ke jikinmu tun ba mu ce na'am ba. Amma mutanen da ya ba mu mu koma wurinsu, su ba za su dawwama a bakin hanya ba, mu ma haka.

Saboda haka, in kana da kukar da kake wucewa ta gabanta kai a sunkuye, kada ka jira Asabar da ƙafarka ba za ta taɓa taya ba. Ba za ta zo ba. Ka kama birki, ka sauka, ka tura, tun mai jiranka yana raba jar riga da fara. Ubangiji ya ba mu ikon saukowa. Amin.